Taliyar Da Lawali Ya Aiko

Tun da aka yi addu'ar arba'in ɗin Yaya Luba mutane ke tare ni, a gidan suna ko a layin injin niƙa, suna tambayata wai da gaske taliya ce ta yi ajalinta. Wasu kuma tuni sun yanke cewa iska ce. Nakan ba da amsa guntu-guntu, in koma gida raina a jagule, domin na san rabin magana na faɗa. Shi ya sa na zauna in faɗe ta duka sau ɗaya, saboda duk wanda yake da mai ciwon suga a gida. Allah Ya sa ta amfani wani.

Sunana Saratu. Luba yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni bayan rasuwar Iyarmu. Aure ya kai ta Shinkafi, ni kuma ya bar ni a Ƙaura. Da mijinta ya rasu, da murza taliya ta riƙe kanta da ɗanta guda, Lawali. Wanda ya shiga gidanta da hantsi sai ya sunkuya, saboda igiyoyin shanya da suka ratsa tsakar gida, kowace ta yi nauyi da taliya. Kuma ba sayarwa kaɗai take yi ba, tana son abinta. A ba ta taliya da manja da yaji da ɗan yankan albasa, ba ta neman nama.

Ciwon ya fara mata da ƙishirwa da yawan zagayawa, har aka gwada aka ce suga ne. Aka ɗora ta a kan ƙwaya, safe da yamma, aka ce ta ja baya da taliya da shinkafa da fura mai zaƙi. Ta bi doka fiye da yadda na zata. Ta koma tuwon dawa ɗan kaɗan, da wake, da kwaɗon zogale. Lawali, wanda yake aiki a shagon wayoyi a Abuja, ya saya mata ɗan injin gwajin nan da ake huda yatsa. Jiki ya yi daidai, amma walwalarta ta ragu. Ta taɓa ce mini, "Saratu, ni ka murzawa, ni ka shanyawa, wasu su ci. Wani lokaci har ƙamshin garin ka sa ni hawaye."

Na gaya wa Lawali wannan maganar a waya. Ba a daɗe ba sai ga kwali ya iso tashar Shinkafi a hannun direba. Ina gidan ranar, na je mata kwana biyu.

Muka buɗe muka tarar da ledoji, kowace cike da ruwa, a cikin ruwan wani abu fari sol mai sheƙi kamar zaren roba. Lawali ya kira yana murna. Ya ce a bidiyo ya gani, daga saiwar wata shuka ake yin ta a ƙasashen waje, ba ta sa ƙiba, ba ta hawar da suga ko kaɗan. "Inna, ki ci iya cinki," in ji shi. "Wannan ko kwano uku kika ci babu abin da zai same ki."

Da na yanke bakin leda wani ƙarni ya bugo, kamar an wanke kifi. Yaya ta toshe hanci tana dariya. Muka bi yadda ya ce, muka ɗauraye ta sau da yawa, muka tafasa, muka tsane ta a kasko. Manja ma ƙin kama ta ya yi, sai ya zame ya taru a gindin kwano. Na ɗanɗana na ji kamar ina tauna igiyar takalmi, na tofar. Ita kuwa ta naɗo da yatsu, ta kai baki, ta lumshe ido.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Amma hannuna ya yi abin da ya saba."

Ta cinye kwanon nan tas. Na daɗe ban ga fuskarta haka ba.

Makon farko komai lafiya. Na koma Ƙaura, muna waya in an sami sabis. Ta ce in ta ci cikinta yakan cika tim har yamma, sai dai ɗan kumburi da gyatsa. Injin gwaji kuma yana nuna suga ya sauko fiye da kullum. Muka yi ta hamdala. Daga cin rana kaɗai ta mayar da ita safe da rana, daga baya har da yamma. Tuwo ya fita daga gidan, wake ma haka, domin ta ce babu wurin sa su. Ƙwayarta kuwa ba ta taɓa tsallakewa ba, Yaya mace ce mai kiyaye abin da likita ya ce. Ana cikin haka 'yan tsinkayen da ake sa wa injin suka ƙare, aka nema a Shinkafi ba a samu irinsu ba. Ba wanda ya damu, tunda abin da ake tsoro hawa ne, kuma an ga ya sauka.

A mako na uku maƙwabciyarta ta kira ni. Ta ce in zo, Luba ta zagi mai sayen taliya, ta jefe shi da murfin kwano. Na ce ba dai Luba ba. Matar da ko akuya ba ta iya yi wa tsawa.

Na bi motar safe, domin hanyar nan ba a shiga ta in rana ta karkata. Na tarar ta rame, zanenta har ya yi mata yawa, amma hankalinta garau, ba ta ma tuna ta jefi kowa ba. Washegari da hantsi na gani da idona. Tana zaune tana murza inji, sai hannunta ya fara rawa. Gumi ya keto mata, ba irin na zafi ba, mai sanyi, har ɗankwalinta ya jiƙe. Ta zuba wa ƙofar zaure ido, ta gyara zama kamar an yi sallama.

"Iya, shigo mana," ta ce. "Kin tsaya cikin rana."

Iya ta rasu tun ina goye. Na waiwaya, babu kowa a ƙofar sai inuwar darbejiya.

"Yaya, wa kike yi wa magana?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Ke wace ce? Ki ba Iya tabarma. Yunwa nika ji, Iya. Wallahi yunwa nika ji."

Ga kwanon da ta cinye da safe a gefenta ko wanke shi ba a yi ba, cikinta a cike har ya ɗan taso.

Ranar na kira Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu da ke Zurmi, ita ce babbar da ta rage mana. Ta iso da ƙullin kayanta da goran rubutu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne, ɗiyata. Mai suga ba shi ganin matattu. Shahwarta anka yi, aikin iskoki ne."

Da abin ya sake tasowa, Gwaggo ta zuba rubutu a ƙoƙo, ta kwarara zuma a kai kamar yadda malaminta ya umarta, ta ɗura mata tana karanta Ayatul Kursiyyu. Kafin a jima rawar jikin ta tsaya, ido ya dawo, Yaya ta ce, "Gwaggo, yaushe kinka zo?" Muka fashe da kukan murna. Kwana da kwanaki haka ake yi. Ya taso, a ba ta rubutu da zuma, ya kwanta. Wa zai yi musu bayan ya ga wannan? Ni kaina na sakankance iska ce, kuma mun sami maganinta. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa. Wata ta kawo hayaƙi daga Badarawa, wani ya aiko da sassaƙe mai ɗaci wai yana kashe suga daga tushe. Shi ma aka jiƙa aka riƙa ba ta.

Da Lawali ya ji ana ba ta zuma hankalinsa ya tashi. "Anti, zuma fa! Mai suga! Don Allah ku ba ta rubutun zalla, kada ku ɓata abin da aka gyara." Maganarsa ta yi kama da gaskiya, har Gwaggo ta yarda. Aka ɗauke kwalbar zuma aka sa a kan kabad.

Daga ranar rubutu ya daina ci. Abin yakan taso ya daɗe, ta yi ta fizge-fizge, harshenta ya yi nauyi, sai can ta dawo a galabaice. Gwaggo ta ce iskokin sun yi taurin kai ne, sai an kai ta gaban malam da kanta.

Muka ɗauki shatar mota da sassafe. Kafin mu fita Yaya ta sha ƙwayarta, ta ci 'yar taliyar nan loma kaɗan. Daga Shinkafi zuwa Zurmi sai an gangaro ta wajen Ƙaura, ga shingayen jami'an tsaro, ga inda direbobi ke tsayawa su taru kafin su ratsa daji tare. Muna wurin jiran nan gumin ya zo mata. Ta yi 'yan surutai, ta kira Iya, sannan ta kwantar da kanta a kafaɗata ta yi shiru. Can ta fara minshari.

"Alhamdu lillahi, ta samu barci," in ji Gwaggo. "Kada ki motsa ta."

Ban motsa ta ba. Na gyara mata mayafi, na riƙe kafaɗata cik don kada ramukan hanya su tashe ta. Muka wuce mahaɗar Ƙaura tana wannan minsharin, asibiti na nan kusa da mu. Har yau in na zauna a mota nakan ji nauyin kanta a wannan kafaɗar, da sanyin gumin da ya ratsa rigata.

A Zurmi ɗaukarta aka yi aka shigar da ita zauren malam. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya kira sunanta, ya ɗaga fatar idonta da gefen carbi, ya dubi kumfar da ke bakinta, sai ya miƙe tsaye.

"Hajiya Dije, wagga ba tawa ba ce. Ku koma da ita asibiti yanzu-yanzu, addu'a ta bi ku a hanya."

Ko sadakar da Gwaggo ta miƙa bai karɓa ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Azahar ta gota kafin mu iso asibiti a Ƙaura. Mai ba da kati ya ce mu bi layi, layin kuwa har bakin baranda. Ina roƙonsa yana danna waya. Wata nas ce da ta zo wucewa ta leƙa fuskar Yaya, ta tambaye ni ko tana da suga. Na ce i. Ta huda yatsanta, ta dubi injin, sai ta kwasa a guje tana kiran likita. Nan take aka nemi jijiya aka tura mata wani ruwa mai kauri da babban sirinji. Na tambayi mene ne. Aka ce ruwan suga ne. Na kusa riƙe hannun nas ɗin. Abin da muka shekara biyu muna kare ta daga gare shi, ga shi ana ɗura mata a jini.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata abin da Yaya ke ci, tun daga safe. Akwai leda ɗaya a jakar Gwaggo da muka taho da ita don abincin rana, na miƙa mata. Ta juya ta, ta karanta bayanta, ta ajiye a hankali.

"Wannan ba guba ba ce," ta ce. "Amma kuma ba abinci ba ce. Tana cika ciki ne kawai. Ƙwayar da take sha kuwa aikinta jan suga ƙasa, ko an ci ko ba a ci ba. Sugan 'yar'uwarki ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi ta yi, ƙwaƙwalwarta tana rasa abin da za ta rayu da shi."

Na ba ta labarin rubutu da zuma.

"Zumar nan ita ta riƙa dawo muku da ita," ta ce.

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta zame ta zauna a ƙasa.

Yaya ba ta farka ba ranar, ba ta farka washegari ba. Likita ta ce an daɗe ƙwarai kafin a kawo ta, sai dai a jira a ga abin da zai dawo. Lawali ya iso a rana ta uku, ya tsaya a kan gadon yana kallon robar da aka zura mata ta hanci ana ba ta kunu. Ya je ya sami likita da kansa, ban san abin da suka yi magana ba. Da ya fito bai dube ni ba. Ya wuce bayan ɗakin, na ji yana amai.

Zaman asibitin nan ba zan manta shi ba. Komai sai ka saya, har safar hannu da auduga. Ruwa sai an ɗebo daga waje, wuta sai in an ta da janareta, ga zafin bazara, ga ƙuda. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta gama hirarta. Amma akwai kuma nas ɗin nan ta ranar farko, wadda ta koya mini yadda ake juya mara lafiya don kada baya ya yi gyambo, take leƙo mu ko ba aikinta ba ne. Akwai wata mata daga Banga da ke jinyar mijinta, ita ke kama mini mu ɗaga Yaya mu canza shimfiɗa, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Maigidana ya riƙe yara ya bar ni na tare a can. Awakin Yaya suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, injin murzarta ma ya bi su. Lawali ya koma bakin aiki, domin in bai koma ba babu mai sayen magani.

A mako na biyu ta buɗe ido. A na uku ta fara haɗiye kunu da cokali, aka cire robar. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, amma ba Luba duka ce ta dawo ba. Ƙafar hagu ba ta ɗaukarta. Wata rana ta san ni, wata rana ta kira ni da sunan ƙawarta ta ƙuruciya. Likita ta canza mata magani, ta ce ta ci abinci na gaske a kan lokaci, tuwo da wake da ganye, har taliyar gida ma 'yar kaɗan ba laifi. Da na ji wannan na fita waje na yi kuka mai isata.

Aka sallame mu da farkon damina, na kai ta gidana. Gwaggo ta zauna da mu har ƙarshe, ita ke yi mata wanka, ba ta ƙara ba da shawarar komai ba. Yaya ta yi 'yan watanni a ɗakina, tana zaune a bakin ƙofa tana kallon ruwa na zuba daga indararo. Bayan an yanke gero zazzaɓi ya kama ta, ƙirjinta ya cushe, jikin da ya riga ya gaji bai iya ɗauka ba. Ta cika da rana tsaka, kanta a cinyar Gwaggo. Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinyar ta zama kaffara.

Ga abin da nake so a ɗauka daga wurina. Ban ce kowa ya tsani taliyar nan ba, likita ma ta ce akwai masu cinta lafiya, a haɗa ta da wake ko ƙwai ko nama. Amma wanda yake shan maganin suga kada ya canza abincinsa sai mai ba shi maganin ya sani. Suga yana faɗuwa kamar yadda yake hawa, kuma faɗuwar ta fi saurin kai mutum ƙasa. In kun ga gumi mai sanyi, da rawar jiki, da faɗa ko surutan da ba halinsa ba, ku ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya, ku nufi asibiti, addu'a kuma a yi ta a hanya. In ya yi barcin da ba ya jin kira, ba barci ba ne.

Lawali ya zo ganinta sau ɗaya a gidana kafin rasuwar. Ya daɗe yana ɗaga tafiyar, kullum da uzurinsa, na san kuma ba aiki ne ke riƙe shi ba. Ranar da ya zo ta tashi da sauƙi, na yi mata kitso, tana zaune a kan tabarma. Ya yi sallama ya durƙusa a gabanta, ya kasa ɗaga kai.

Ta amsa masa da fara'a, irin wadda take yi wa baƙi. "Maraba, samari. Daga ina?"

"Daga Abuja, Inna."

"Abuja!" Fuskarta ta washe. Yaya ba ta taɓa yabon Lawali a gaban mutane ba, ko sunansa ba ta kamawa saboda kunyar ɗan fari. Ranar kunyar ta tafi tare da sauran abubuwan da suka tafi. "Ina da ɗa can. Lawali. Ka san shi?"

Ya ɗaga kai ya dube ni. Na kasa taimakonsa.

"Na san shi," ya ce.

"Yaron kirki ne. Ya ji ina marmarin abu, ya bi duniya ya nemo mani, kwali guda. Ɗiyan wasu ba su yin haka." Ta miƙa hannu ta dafa kansa. "In ka koma ka ce mashi na ci, na ji daɗi. Ka ce Allah Shi yi mashi albarka."

Hawaye na ɗiga daga haɓarsa a kan tabarma.

"Zan gaya masa, Inna."

"Kada ka manta," ta ce.